JARUMAN DAJI NA CIKIN FIM: DAGA ROBIN HOOD ZUWA KANTA NA KABI

Abin da nake so in yi bayani a kansa shi ne wani irin fim da yawancinmu muke sha'awar kallo, watau fim ɗin yaƙi na zamanin da, wanda jaruminsa yakan saɓa da masu mulki ya shige daji, ya riƙa ƙwace dukiyar azzalumai yana raba wa talakawa. A zamanin kakanninmu sai an jira motar majigi ta zo, ko kuwa mutum ya je birni ya shiga silima. Yau kuwa ko a nan Wurogauri, ko Gwandu, ko Kalgo, a waya ake tura wa juna fim, yaro ya kalle shi a ɗakin uwarsa.

Dalilai biyu suka sa na zaɓi wannan magana. Na farko, da yawa daga cikinmu sun ɗauka duk abin da suka gani a fim ɗin tarihi haka ya faru. Na biyu kuwa, muna zaune a yankin da in aka ce "mutanen daji" gaban kowa yakan faɗi. Saboda haka ya kamata mu san bambancin jarumin fim da ɗan fashin gaske.

YADDA IRIN WANNAN FIM YAKE

In ka lura, kusan dukkansu tafiyarsu ɗaya ce. Da farko za a nuna sarki ko hakimi azzalumi wanda ya tsananta haraji. Sai a nuna wani saurayi mai ƙarfin hali wanda aka zalunta, aka ƙwace gonar ubansa ko aka kashe wani nasa. Daga nan sai ya gudu daji, waɗanda aka zalunta irinsa su yi ta zuwa suna binsa har su zama runduna. A ƙarshe sai a yi babban karo, azzalumi ya faɗi, sarkin gaskiya ya komo, a yafe wa jarumi, a ɗaura masa aure.

Wannan gudu zuwa daji yana da asali a shari'ar Ingila ta wancan zamani. In aka yi ƙarar mutum da babban laifi, aka yi ta kiransa gaban shari'a ya ƙi zuwa, sai a yi shelar cewa doka ta janye kariyarta daga gare shi. Dukiyarsa ta zama ta sarki, wanda ya ba shi masauki ya yi laifi, kuma a farkon al'amari duk wanda ya kashe shi ba a binsa jini. To, mutumin da ya shiga wannan hali ba shi da mafaka sai daji. Daɗin daɗawa, manyan dazuzzuka na sarki ne, an keɓe su don farautarsa, talakan da ya harbi barewa a ciki yakan sha azaba mai tsanani.

WANE NE ROBIN HOOD?

A cikin irin waɗannan jarumai ba wanda ya kai Robin Hood suna. An fara samun ambatonsa a rubuce a wajen shekarar 1377, a cikin wata doguwar waƙa ta Turanci mai suna Piers Plowman, inda wani malalacin limamin coci yake cewa bai iya addu'o'insa ba amma ya haddace waƙoƙin Robin Hood. Wannan ya nuna tun a lokacin labarinsa ya bazu a bakin jama'a, kamar yadda tatsuniyar Gizo ta bazu a wurinmu.

Amma Robin na tsoffin waƙoƙi ya sha bamban da na fim. Shi dai talaka ne mai 'yancin kansa, daga baya ne marubuta suka mai da shi ɗan sarauta. Budurwarsa Marian ba ta cikin waƙoƙin farko. Sarkin da aka ambata a ɗaya daga cikinsu Edward ne, sai a 1521 wani masanin tarihi, John Major, ya ce a zamanin Sarki Richard ya rayu, sauran marubuta suka bi shi a haka. Gaskiya ne a wata waƙar ya ranta wa wani barde da talauci ya kama fam 400, ya kuma ƙwace fam 800 daga hannun wani malamin coci. To, amma a wata waƙar yaransa sun kashe wani ƙaramin yaro don kawai kada ya je ya faɗi abin da ya gani. Wannan ba a nuna shi a fim.

Shi kansa Sarki Richard, wanda fim yake nunawa uban talakawa, ya yi sarauta daga 1189 zuwa 1199, amma zamansa a Ingila duka bai wuce kimanin wata shida ba. Shi ne ya tafi gabas ya yaƙi Salahuddin Ayyubi, kuma a 1191 ya sa aka karkashe Musulmi fursunonin yaƙi kimanin 2,700 a garin Akka. A hanyarsa ta komawa gida aka kama shi a ƙasar Ostiriya a 1192, sai da aka ɗora wa mutanen Ingila harajin rubu'in abin da suke samu kafin a fanshe shi a 1194. Ashe ke nan wani ɓangare na harajin da ake kuka da shi a fim, sarkin da ake jira ya zo ya cece su ne ya jawo shi.

'YAN WASAN DA SUKA FITO A MATSAYINSA

Kowane zamani da irin Robin Hood ɗinsa. A 1922, lokacin da fim bai fara magana ba, Douglas Fairbanks na Amurka ya fito a matsayinsa. Shi gwanin tsalle-tsalle ne da hawan katanga, da jikinsa yake ba da labari tun da ba a jin muryarsa.

Wanda ya fi kowa suna shi ne Errol Flynn, mutumin Ostireliya, a cikin The Adventures of Robin Hood na 1938. Kamfanin Warner Bros. ya kashe kimanin dala miliyan 2 a kansa, fim ne mai launi a lokacin da yawancin finafinai fari da baƙi ne, ya kuma ci lambar Oscar uku. Olivia de Havilland ce Marian, Basil Rathbone kuwa shi ne mugun da suka yi karon takobi a ƙarshe. Abin dariya, Rathbone ya fi Flynn iya takobi a zahiri, amma tun da shi ne mugu dole ya faɗi. Dajin da aka nuna ma ba na Sherwood ba ne, wani daji ne a Kaliforniya. Shi kuwa Flynn, duk da kyan fuska da ƙarfin da aka gani a fim, shaye-shaye ya ci lafiyarsa, ya mutu a 1959 yana da shekara 50 kacal.

Daga 1955 zuwa 1959 aka yi ta nuna Richard Greene a talabijin, kashi 143. Wani abin mamaki shi ne, wasu daga cikin waɗanda suka rubuta wannan wasa Amurkawa ne da aka hana su aiki a ƙasarsu bisa zargin ra'ayin gurguzu, irin su Ring Lardner Jr., sai suka riƙa rubutu da sunan aro. Kai, a 1953 har wata mamba ta hukumar littattafan makaranta a jihar Indiyana ta nemi a hana karanta labarin Robin Hood, wai ƙwace na mai kuɗi a ba talaka koyarwar gurguzu ce.

A 1976 Sean Connery ya fito a matsayin Robin wanda ya tsufa, tare da Audrey Hepburn. A 1991 Kevin Costner ya yi Robin Hood: Prince of Thieves, Ingilishi suka yi ta yi masa ba'a don yana magana da karin harshen Amurka. A cikin wannan fim Morgan Freeman ya fito a matsayin Azeem, Musulmi baƙar fata mai ilimi, abokin Robin. Babu shi a tsohon labari. An fara shigo da aboki Musulmi ne a wasan talabijin na Robin of Sherwood wanda ya soma a 1984. Bayan su sai Russell Crowe a 2010, da Taron Egerton a 2018. Kun ga ke nan kowane mai shirya fim yakan ƙara abin da mutanen zamaninsa suke son gani.

Akwai abu guda da nake so ƙannenmu masu gwada harbi da gwafa da kibiyar kara su sani. A fim ɗin 1938, wani shahararren maharbi, Howard Hill, shi yake harba kibau na gaske. Waɗanda ake harbi kuwa an sa musu farantin ƙarfe a ƙirji, an ɗora wani irin katako mai laushi a kai don kibiya ta kafe, kuma ana biyan mutum dala 150 a kan kowace kibiya. Faɗowa daga kan doki da tsalle daga bene, akwai ƙwararru da aka horar don su kaɗai. Yau kuwa da yawa daga cikin kibau da rundunonin da muke gani kwamfuta ce ta zana su. Wanda ya ce zai gwada a kan ɗan'uwansa, sai dai a kwashi wani zuwa asibiti.

WASU JARUMAN

Ba Ingila kaɗai ke da irin wannan jarumi ba. Mutanen Sikotilan suna da William Wallace, wanda ya ci rundunar Ingila da yaƙi a gadar Stirling a 1297, aka kama shi aka kashe shi a Landan a 1305. Shi dai mutum ne na gaske. Mel Gibson ya fito a matsayinsa a cikin Braveheart na 1995, wanda ya ci Oscar biyar. Amma an nuna yaƙin gada ba tare da gada ba, alhali kuwa ƙuncin gadar ne ya ba Wallace nasara. An kuma nuna yana soyayya da gimbiya Isabella, wadda a lokacin ƙaramar yarinya ce tana Faransa, ba ta zo Ingila ba sai a 1308, bayan mutuwarsa da shekara uku.

Larabawan Jahiliyya ma suna da nasu, waɗanda ake kira sa'alik, watau waɗanda ƙabilunsu suka kora ko talauci ya fitar da su. Shahararre a cikinsu shi ne mawaƙi Urwatu ɗan Wardi, wanda aka ce yakan kai hari ga marowata ya ciyar da matalauta. Antaru ɗan Shaddadu kuwa, wanda aka raina don uwarsa baiwa ce Bahabashiya, Misirawa sun yi fim ɗinsa a 1961, Farid Shauƙi ya fito a matsayinsa.

NAMU NA GIDA: KANTA

Hausawa sun ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Mu ma a nan ƙasar Kabi muna da jarumin da labarinsa ya fi na Robin Hood tabbas, watau Muhammadu Kanta, wanda ya rayu a ƙarni na 16.

Tarihin baka ya ce ubansa Makata ya zauna a ƙasar Katsina, uwarsa kuwa 'yar Sarkin Katsina ce. Da uban ya rasu ba a ba Kanta sarautarsa ba, sai ya yi fushi ya fita, ya shiga kiwon shanu tare da Fulani. Ya yi suna wajen dambe da kokawa, samari suka yi ta taruwa a bayansa, har ya yiwo yamma ya zauna a wannan yanki namu. Ku duba ku gani, wannan ai shi ne farkon kowane fim ɗin da muka ambata.

Abin da ya biyo baya kuwa yana rubuce a cikin Tarihus Sudan na Abdurrahman Sa'adi, malamin Tambutu. Kanta ya raka Askiya Muhammadu, Sarkin Sanwai, yaƙin Agadas. Da aka komo sai ba a ba shi rabonsa na ganima ba. A wajen 1516 ya yi tawaye, Askiya ya aiko da runduna ba ta iya masa ba. Daga baya wani Askiyan, Muhammadu Bankan, ya zo da kansa, Kanta ya fatattake shi. A lokacin kuwa Sanwai ita ce daula mafi ƙarfi a Afirka ta Yamma. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya kawo labarin Kanta a cikin Infaƙul Maisuri, ya ambaci ƙarfin mulkinsa da biranensa.

Babban birninsa shi ne Surame, wanda kufansa yake cikin Jihar Sakkwato, da ganuwarsa ta dutse. A 1964 gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa. Masu ba da labari sun ce Kanta yana da babban jirgin ruwa da aka lulluɓe da tagulla, wanda yake zagaya garuruwansa da shi in ruwa ya cika fadama. Sun ce da abokan gaba suka kewaye Surame, sai aka jera gawawwaki a kan ganuwa da baka a hannu, an tsaga musu baki, maharan suka hango kamar dariya ake yi musu, suka karaya suka janye. Sun kuma ce a kan hanyarsa ta komowa daga yaƙin Barno aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, ya rasu, aka yi masa kaburbura da yawa don kada maƙiya su gane na gaskiya.

Amma akwai wani gefen. Shi wannan da ya yi tawaye don an hana shi haƙƙinsa, da ya sami mulki sai ya sa ƙasashen da ya ci suka yi masa aikin gina Surame a kan tilas. Har an ce Nufawa da suka makara, sai ya ce da man kaɗe za su kwaɓa ƙasar nasu ɓangaren. Fim ɗin Turawa yakan ƙare ranar da jarumi ya yi nasara. Tarihi kuwa yakan ci gaba ya gaya mana abin da ya aikata bayan ya hau gado.

An taɓa yin fim ɗin Kanta. Marigayi Adamu Halilu, mutumin Garkiɗa ta Adamawa, wanda ya zama shugaban farko na Hukumar Finafinai ta Nijeriya, shi ya shirya Kanta of Kebbi a 1978. A lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, don ba a ƙirƙiro Jihar Kebbi ba sai a 1991. Abin takaici, ɗalibin da ya san sunan Kevin Costner sai ka tarar bai taɓa jin wannan fim ba.

Kafin wannan, a 1976, Adamu Halilu ya shirya Shaihu Umar daga littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Wannan fim ya daɗe ba a ganinsa, sai a 2016 aka gano faifansa a ajiye, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Na kawo shi ne don ya nuna abin da finafinan jaruman daji suke ɓoyewa. A cikinsa muna ganin hari ta idon wanda aka kai wa: yaron da aka sace, da uwar da ta bi sawunsa har ƙetaren hamada, wahala ta cinye ta.

JARUMIN FIM DA ƊAN FASHIN GASKE

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Ran 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, a cikin jiharmu, suka kwashe ɗalibai da malamai. Wasu daga cikin 'yan matan ba su komo gida ba sai a 2023. Kafin wannan an yi na Ƙanƙara a 2020, da na Jangebe a 2021. Ɗalibai ne irinmu, 'ya'yan talakawa.

Su ma waɗannan mutane sukan ce zalunci aka yi musu shi ya sa suka shiga daji, har sukan saki hotunansu a intanet suna taƙama da bindigogi da kuɗi, yara suna kallo. Lalle ba a musun cewa akwai zalunci da rashin adalci a ƙasa, kuma wajibi ne hukuma ta gyara, don rashin adalci shi ke buɗe wa ɓarna ƙofa. Amma mu tambayi kanmu: shanun wa ake korawa? Gonar wa aka hana nomawa? Wa ke sayar da hatsinsa da filinsa don ya fanshi 'yarsa? Talaka ne. Robin Hood na fim marubuci ne ya tsara shi, ya wanke shi tas, ya sa kibiyarsa ba ta samun kowa sai mugu. Harsashin gaske kuwa bai san mai laifi da marar laifi ba.

Addininmu ma bai bar mu cikin duhu ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa tare hanya da tsoratar da bayin Allah yana cikin manyan laifuffuka, hukuncinsa yana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 33. Sun kuma karantar da mu cewa ba a sadaka da dukiyar haram. Hanyar da Musulunci ya shimfiɗa ta fitar da haƙƙin talaka daga dukiyar mawadaci ita ce zakka, hanyar karɓar haƙƙin wanda aka zalunta kuwa ita ce shari'a. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Liya'ul Hukkami don ya nuna wa masu mulki yadda za su tsai da adalci, domin in sarki ya yi adalci ba wanda zai sami hujjar shiga daji.

SHAWARA

'Yan'uwana ɗalibai, ban ce mu daina kallo ba. A cikin waɗannan finafinai akwai abin koyi: ƙin zalunci, riƙon amanar aboki, da tausayin marar ƙarfi. Amma in mun gama kallo mu tambayi malamin tarihi, mu buɗe littafi, mu rarrabe abin da ya faru da abin da aka ƙara don daɗin kallo. Kada kuma mu tura wa juna hotunan 'yan ta'adda, don yin haka talla ce muke yi musu kyauta.

Iyayenmu kuwa, ina roƙonku da girmamawa, ku riƙa duba abin da ke cikin wayoyinmu, ku zauna ku kalla tare da mu in da hali. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ku ba mu labarin Kanta, da na Shehu Usmanu da Malam Abdullahi, da na garuruwanmu, tun waɗanda suka san su suna raye.

Ina kuma roƙon hukumar makaranta, in Allah ya hore, ta kai mu ziyara Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, mu ga makamai da tambura da idonmu, don gani ya kori ji. Ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo ma tana iya shirya labarin Kanta a ranar ba da kyaututtuka, da alherinsa da kurakuransa duka. Wa ya sani, ko a cikinmu akwai wanda zai gaji Adamu Halilu?

Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, ya komo da duk wanda ke hannun miyagu gida lafiya, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, amin.